Wutsiyar Jirgin Baba

A Makka babu kogi, babu tafki, ruwan wankanmu ma tanka ce ke kawo shi, amma sai da Babana ya mallaki jirgin ruwa. Duk unguwarmu ta Hindawiyya an san da haka, an yi masa dariya har aka gaji. A bakin Tafkin Cadi ya tashi cikin masunta, kafin ya biyo ta Sudan ya iso nan yana saurayi. Ya yi shekaru yana sayar da carbi da turare da hulunan alhazai a wani ɗan shago. Da mahaifiyarmu ta rasu, aka kuma rushe layin da shagon yake saboda manyan gine-ginen da suka taso, sai ya tattara abin hannunsa ya sayi wani tsohon jirgin kamun kifi a Shu'aiba, can bakin Bahar Maliya.

Baba ba ɗan ƙasa ba ne, iƙama gare shi, wato takardar izinin zama, don haka ba a rubuta jirgi da sunansa. Mijina kuwa tun kakansa a nan aka haife su, ɗan ƙasa ne, sai aka yi takardun jirgin da sunansa. Kowa ya ce madalla. Ni ma na ce madalla, amma na ajiye abin a raina.

Haka Allah Ya yi ni. In mai kifi ya rantse na yau ne, sai na danna na shinshina. In tela ta ce yadin bai isa ba, sai na ce ta nuna mini ƙyallen da ya rage. A wajen Baba na gado halin, kuma har yau ban ga aibinsa ba.

Mijina yana da warsha a unguwar Zahir, wurin da yake haɗa tagogi da ƙofofin alminiyam. Mutum ne marar magana ko da Larabci, balle da Hausa, wadda tasa ba ta wuce ta gaisuwa da neman ƙarin miya ba. In magana ta yi nauyi sai ya gudu zuwa Larabci. A gaban Baba kuwa yana ganin rashin ladabi ne ya yi ta zuba Larabci, saboda haka sai ya zama kusan bebe. Kunyar surukuta ya riƙe ta fiye da waɗanda aka haifa a Kano. Yakan tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa, ba ya haɗa ido da Baba, ba ya ko kurɓar ruwa inda Baba zai gan shi. “Ammi” yake ce masa, irin yadda ake kiran suruki a nan.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, mijina ya kai wa Baba a kwano. Asabar da sassafe ya ɗauke shi a mota zuwa teku. Akwai wani dattijo ɗan Damagaram, abokin Baba tun zamanin shago, wanda ba a tafiya sai da shi. Ban taɓa jin ya kama kifi ko ɗaya ba, amma duk abin da ya faru a jirgin, kafin magariba ya zagaya Hindawiyya.

A bayan jirgi, cikin ruwa, akwai wani faffaɗan ƙarfe da ake karkatawa jirgi ya juya dama ko hagu. Larabawan bakin ruwa suna da sunan da suke kiransa, Baba kuwa wutsiya yake ce masa, mu ma muka bi shi. Ta jirgin Baba ta tagulla ce, tsohuwa, mai nauyin tsiya. Ranar da suka sayi jirgin sun tarar da wani dunƙulen ƙarfe mai launin toka manne a jikinta, duk ya zagwanye. Dattijon Damagaram ya ce faci ne, mai jirgin ya ɓoye rami da shi. Suka kwance, ba su ga rami ba, suka jefar da shi suna tsaki.

Wata Asabar suka daki dutsen murjani, wutsiyar ta tsage tun daga sama. Aka kwanto ta aka kawo Makka a bayan mota. Mijina ya ce shi zai yi sabuwa. Ya samo farantin alminiyam mai kauri, ya yanka, ya goge, ta fito tana sheƙi, ga rashin nauyi. Ya ce alminiyam ba ya tsatsa. Wa zai musa masa? Tagogin da ya kafa tun yana koyon aiki suna nan a gidajen Zahir, ko tabo babu.

Baba ya yarda da wutsiyar, amma da sharaɗi. Ƙusoshin da suka riƙe tsohuwar, manya ne na tagulla masu noti, su za a mayar. Ya jiƙa su cikin lemon tsami, ya zauna yana dirza su da toka har suka koma kamar zinariya. Ina nan tsaye da tiren shayi lokacin da mijina ya ce, murya ƙasa-ƙasa:

“Ammi, akwai sababbi na farin ƙarfe, istil, a warsha.”

Baba bai ko ɗago ba. “Waɗannan sun girme ka. Sun ga bayan mai jirgin na farko, za su ga bayana.”

“Ɗayyib, Ammi.”

Shi ke nan maganar. Aka kai, aka ɗaura, jirgi ya koma ruwa ya zauna a matsayarsa duk tsawon zafin shekarar nan, lokacin da ruwan tekun kansa yake da ɗumi.

A cikin watannin ne mijina ya fara wata magana da ban so ba. In mun zauna sai ya ce Baba ya tsufa, ga hawan jini, teku ba tafki ba ce, da ma a sayar da jirgin kowa ya huta. Ya faɗa sau ɗaya na ƙyale shi. Ya sake faɗa na dube shi. Na tuna da sunan wa aka yi takardu.

Da aikin Hajji ya gabato sai ya samu aikin kafa ƙofofi a Muzdalifa, aikin gaggawa, ba Juma'a ba Asabar. Baba ba mai jiran kowa ba ne. Shi da dattijon Damagaram suka ɗauki tasi suka tafi abinsu. Suna tsakiyar ruwa Baba ya karkata sandar tuƙi, sai ya ji ta saki a hannunsa, ba nauyi. Wutsiya ta cire ta nutse. Inji yana aiki, amma jirgi ba ya jin magana, iska kuma tana tura su wajen duwatsun murjani. Tsofaffi biyu suka wuni cikin rana suna tokare jirgi da gora, ruwan shansu ya ƙare, sai wajen la'asar wasu masunta suka hango su suka jawo su.

Na ga Baba da ya dawo. Leɓunansa sun tsattsage, idanunsa sun yi ja. Ban taɓa tunanin mutuwarsa da gaske ba sai ranar. Tun kafin in zauna zuciyata ta fara neman wanda za ta kama.

Ya zo da wani buhu. Da aka kira mijina daga Muzdalifa ya iso da ƙurar aiki a jikinsa ya durƙusa, sai Baba ya zazzage buhun a kan darduma. Ɗan guntun saman wutsiyar ne da ya rage, da ƙusoshin a jikinsa. Ƙusoshin suna nan lafiya lau. Alminiyam ɗin da ke kewaye da su kuwa ya rududduge, ya yi fari kamar garin rogo, ramukan sun buɗe har babban yatsa zai shige.

Dattijon Damagaram ne ya fara. “Wannan ba alminiyam ba ne, gwangwanin madara ne. Ni tun ranar na ga ba ta da nauyi.” Ya juya wajen mijina. “Yaro, ina tsohuwar wutsiyar? Tagulla fa masu sayen tsofaffin ƙarafa ba su raina ta. Kuma duk Asabar kana nan, sai ta yau ce aiki ya riƙe ka?”

Baba ya ɗaga wa abokinsa hannu ya dakatar da shi. Ya tura guntun da ƙafa zuwa gaban mijina. “Dubi ƙusoshina. Ko ɗigo babu. Dubi naka. Na ba ka 'yata ban tambaye ka komai ba. Yau ina tambayarka, me ka sa mini a jirgi?”

Mijina ya ɗauki guntun yana jujjuyawa. Ya sa yatsa a ramin, ya murza farin garin. Ina kallon fuskarsa, ina roƙon Allah ya buɗe baki ya yi rantsuwa, ya yi faɗa, ya yi ko da Larabcin ne. Sai ya ajiye a hankali ya ce:

“Ka yi haƙuri, Ammi.”

Ni a sanina, wanda bai yi laifi ba ba ya ba da haƙuri. Baba ma haka ya sani. Ya ce, “Tashi ka tafi. Kada ka ƙara kawo mini abinci.”

Juma'ar da ta biyo na tuƙa tuwo duk da haka, mijina ya ɗauka ya kai duk da haka. Kwano ya dawo yadda ya tafi, ko murfin ba a ɗaga ba. Ta gaba ma haka. A ƙofar masallaci yakan durƙusa ya gaida Baba, Baba ya wuce kamar bai ga kowa ba. Labari kuwa ya riga ya gama unguwa. Matan da ke gaishe ni suka fara yi mini sannu irin ta gidan makoki.

A gida na zuba masa ido. Na tambaye shi da lallashi, na tambaye shi da masifa, amsar ɗaya ce: “Khalas, ya wuce. Alhamdu lillahi da suka tsira.” Ni kuwa ina ta haɗa abubuwa. Takardu da sunansa. Yana son a sayar. Ranar ba ya nan. Tsohuwar wutsiya ba a san inda take ba. Ban yarda ya nufi kashe Baba ba, ban kai can ba. Amma in har ya sa ƙarfen banza ya kira shi mai kyau, ya bar tsoho ya shiga teku da shi, to wannan ya ishe ni. Na yanke a raina cewa ranar da na tabbatar, ranar zan kwashe yarana in koma gidan Baba. Ina zuba masa abinci ina kallon hannunsa, ina tambayar kaina ko na san mutumin nan kuwa.

Bayan alhazai sun watse sai ya tafi Jidda wata rana bai ce mini komai ba. Ya dawo rigarsa tana warin man inji da ƙarni. Na ce ina ya je, ya ce aiki. Wane mai taga ne ke dawowa da ƙarnin kifi? Na ce a raina, ya je neman mai sayen jirgi ke nan. Daga ranar shirunsa ya ƙaru, kamar ruwa ya ci shi.

Tunda ba zai faɗa ba, na ce ƙarfen zai faɗa. Na dafa abinci na hau tasi zuwa Zahir, abin da ban taɓa yi ba. Ya ga na shigo warsha da kula a hannu ya tsaya yana kallona. Na ce ya nuna mini farantin da ya yi wutsiyar da shi. Ya nuna ragowar, jingine da bango. Na ce ya yanko mini guntu. Ya yanko ya miƙo mini, bai ce me za ki yi da shi ba. Wannan ma bai kwanta mini ba.

A gida akwai ragowar alminiyam ɗin tagar kicin ɗina, wadda ya yi mini da muka tare. Wannan na san mai kyau ne, namiji ba ya yi wa amaryarsa aikin algus. Maƙwabciyata suna zuwa shan iska bakin teku, na ba ta jarkoki ta ciko mini. Na hau saman bene da bokiti biyu. Dabarata mai sauƙi ce. In sa na tagata a ɗaya, in sa na wutsiyar a ɗaya. Mai kyau zai zauna, na banza zai ruɓe, in ɗauka in kai gaban kowa.

Sai na ga guntayen sun yi kama da juna, kuma mutumin da nake bincika yana kwana a gidan. In ya hau ya musanya fa? Na karɓo ɗaya daga ƙusoshin Baba da sunan zan goge masa, na zura ta a ramin da ke jikin guntun tagata, na matse notin da filaya iya ƙarfina. Yanzu na yi wa mai kyau alama.

Kullum in na hau shanya sai na leƙa. In ruwa ya ja ƙasa in ƙara. Da farko ba abin da na gani. Can sai wani farin kumfa mai yauƙi ya fara taruwa a bokiti ɗaya. Na yi hamdala, na naɗe hannun riga na tsamo. Sai na ga ƙusar Baba a hannuna. Na tagata ne. Kewayen ƙusar duk ya yi ƙananan ramuka, yana zubar da farin gari, irin wanda na gani a kan darduma. Na tsamo na wutsiyar, wanda nake jira ya ruɓe. Ya dusashe kawai, na goge shi da gefen zane ya koma yadda yake.

Kada a ɗauka a nan na sauko. Abin da ya fara zuwa mini shi ne, ya gano, ya hau ya zuba wani abu. Na sayo kwaɗo na rufe ƙofar saman bene, na rataya mabuɗin a wuyana. Na zubar da ruwan, na wanke bokitan, na zuba sabo. Na kwance ƙusar daga guntun tagata, na matse gefen ɗaya guntun tsakanin kanta da notin. Wanki ma na koma shanya shi a baranda don kada wani ya ce zai taya ni hawa.

Wannan karon na tagata ya daina lalacewa, ya tsaya inda yake. Na wutsiyar kuwa ya fara fari daidai inda ƙusar ta cije shi. Duk inda ƙusar Baba ta je, can cin yake bi. Ita kuma tana nan tana sheƙi abinta.

Na daɗe zaune a bakin bokitan nan cikin rana. Daɗi ya zo mini, sai tsoro ya biyo shi, domin in ba mijina ba ne, to ƙusoshin wa?

Da ya dawo bayan la'asar na ce ya biyo ni. Na buɗe kwaɗon, ya dubi kwaɗon ya dube ni. Na nuna masa bokitan na faɗa masa yadda na yi. Ya durƙusa ya duba, kuma ko kaɗan bai yi mamaki ba. Wannan ne ya tayar mini da hankali.

“Ka sani?”

“Tun da na je Jidda.” Ya koma Larabci, yana tsarma Hausa inda ya iya. Ya ce labarin wutsiyar ya kai wa masu gyaran jirage. Suka ce masa tagulla da alminiyam ba su zama wuri ɗaya a ruwan gishiri. Kowanne shi kaɗai lafiya lau ne, amma in suka taɓa juna cikin teku, sai alminiyam ya yi ta narkewa tagulla tana nan, kuma ruwa mai ɗumi yana ƙara wa abin sauri. Ko ƙusoshin istil ɗin da ya so sawa, suka ce, da sun ci shi, sai dai a hankali. Ƙarafan da ke ƙarƙashin jirgi dole su zama masu jituwa, tunda farfelar ma ta tagulla ce.

“Wallahi lokacin da na yi ta ban sani ba,” ya ce. “A Makka wa ya taɓa ganin taga a cikin teku?”

“To me ya hana ka faɗa? Watanni ana zaginka a unguwa!”

“In je in ce wa Ammi ƙusoshinka ne? Waɗanda ya zauna ya goge da hannunsa? A gaban abokinsa? Aib.” Ya girgiza kai. “Kuma ni ne mai ƙarfe. Ni ya kamata in tambaya kafin in yanka.”

“Ni fa? Ni ma surukarka ce da kake jin kunyata? Ina kwana ina tashi ina tunanin kwashe yara!”

“Ke 'yarsa ce. Da na faɗa miki da azahar, kafin la'asar ya ji.”

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara fusata. Na yi masa tas a saman benen nan, da Hausa da Larabci, har maƙwabta suka leƙo. Na ce kunyar da za ta rusa gida ba kunya ba ce, wauta ce. Yana tsaye yana kallon bokiti. Da na gaji na ce ina tsohuwar wutsiyar? Ya ce tana ƙarƙashin teburinsa cikin buhu tun ranar, yanzu ya kai ta Jidda wurin masu zubi, za su narka ta su ƙara tagulla su zuba sabuwa. Ya nuna mini hoto a waya. Na ce hoto ba wutsiya ba ne, sai na gani da idona.

Ni dai ba surukar Baba ba ce. Washegari na ɗauki bokitan a tasi zuwa gidan Baba. Na tarar da dattijon Damagaram, kuma ga mamakina sai na ji na kasa buɗe baki a gabansa. Na zauna ina gyara kayan shayi har ya gaji ya tafi. Sannan na jawo bokitan, na tsamo guntayen, na faɗa wa Baba komai daga farko.

Ya sa tabarau. Ya ɗauki guntun da ƙusar take jiki, ya daɗe yana shafa kanta da babban yatsa.

“A Cadi ba ya haka,” ya ce. “Kowace ƙusa muka samu bugawa muke.”

“Baba, ruwan Cadi ba gishiri.”

Ya dube ni ta saman tabarau. “Shi ya aiko ki?”

“Shi ya hana a faɗa maka. Tun bayan Hajji ya sani.”

Baba ya kwance ƙusarsa ya sa a aljihu. Ya ce, “Kwashe bokitanki, suna jiƙa mini darduma.”

Juma'ar nan na tuƙa tuwo da ƙwarin gwiwa, har man shanu na zuba. Kwano ya dawo a rufe yadda ya tafi. Na shiga kicin na yi kuka, na haushi, ban ma san da wa nake fushi a cikinsu ba.

Da wutsiyar ta iso na je warsha na gan ta, na ƙwanƙwasa, na gwada ɗagawa na kasa. Mijina ya ce in gaya wa Baba ranar Asabar zai je ya ɗaura, bayan nan jirgi nasa ne, ya yi yadda ya so da shi. Na kai saƙo, Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Amma da muka biyo ta Hindawiyya da sassafe, yana tsaye a ƙofar gida da hularsa ta zuwa teku. Mijina ya fito ya durƙusa. Baba ya zagaya ya shiga gaba bai amsa ba. Ni ina baya da kwanon tuwo a cinya, ba wanda ya gayyace ni. Har Shu'aiba ba a ji komai a motar nan ba sai ƙarar taya.

An riga an jawo jirgin kan yashi. Dattijon Damagaram ya riga mu isa, ashe Baba ne ya ce lallai ya zo. Na shimfiɗa tabarma a inuwar mota ina kallonsu. Mijina ya kinkimo wutsiyar ya daidaita ta. Baba ya zaro ƙusoshinsa daga aljihu, naɗe cikin hankici, yana miƙa masa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya dube shi ba. Tagulla ta hau kan tagulla. Da aka gama sai mijina ya ciro wani dunƙulen ƙarfe mai launin toka daga jaka.

“Ga facin nan kuma ya dawo!” in ji dattijon Damagaram. “Me ake ɓoyewa yanzu?”

Baba ya miƙa hannu, mijina ya ɗora masa. Ya jinjina nauyinsa. Sannan ya yi wa surukinsa magana, karo na farko tun ranar darduma.

“Wannan fa?”

“Tutiya ce, Ammi. Irin wadda aka cire a tsohuwar. Ana ɗaura ta ne don gishiri ya ci ta ya ƙyale sauran. In ta cinye sai a sa wata.”

“Ita ba ta yi komai ba, amma ita ake ci.”

“Aikinta ke nan, Ammi.”

Baba ya tsaya yana kallonsa, kallo na sosai, shi kuwa idonsa yana kan yashi. Sai Baba ya juya wajen abokinsa, ya ɗaga murya har masuntan da ke gyaran raga a gefe suka waiwayo.

“Kai, buɗe kunnenka. Ƙusoshina ne suka ci wutsiyar yaron nan. Ni na ce a sa su, ya kawo wasu na ƙi. Ka ji da kyau, don kai za ka kai Hindawiyya, gida-gida, yadda ka kai na farko.”

Baba ya durƙusa da kansa ya ɗaura tutiyar. Ya miƙe ya taho wajen tabarmata, ya wanke hannu, ya jawo kwanon ya buɗe. Ya dubi mijina.

“Zo ka sa hannu.”

Mijina ya ja da baya. Shekarunmu da aure ko dabino bai taɓa ci a gaban Baba ba. “Na ƙoshi, Ammi. Wallahi na ƙoshi.”

“Ba tambayarka nake ba.”

Ya taho kamar mai taka ƙaya. Ya zauna a bakin tabarma, ya ba Baba gefen kafaɗa, ya gutsuri wata 'yar loma da ko yaye ba za ta ishe shi ba. Miya tana ɗiga daga yatsunsa. Baba ya juya kwanon, ya mai da wajen naman gabansa.

Ni kuwa na tashi na zagaya bayan jirgin. Na durƙusa na bi notin kowace ƙusa da yatsuna ina murzawa, in ji ko an matse da kyau. An matse. Na sake bin su tun daga farko, don ban so su ga fuskata ba tukuna.